Goggo Mai Shinshinar Bakin Yara

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Goggon mijina ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a ɗakinta a garin Isa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ba ta bar ɗa ko ɗiya na cikinta ba, don haka mu matan 'ya'yan ƙannenta muka shimfiɗa tabarmi muka karɓi gaisuwa.

Kwana uku ina zaune ina jin abin da ake faɗa. Wata mata daga Kamarawa ta yi addu'a ta shafa, sannan ta rage murya ta ce, "Allah shi jiƙanta, amma ni dai ta taɓa kunyata ni. Ranar sunan ƙaramina ta kama yayanshi gaban baƙi, ta ɗaga mishi leɓe, ta ce in faɗa mata abin da ya ci jiya. Gaban dangin mijina fa!"

Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "Yaron yana ina yanzu?"

"Shina Sabon Birni, shina ɗinki."

"Da bakinshi?"

"Da bakinshi mana."

"To ƙara mata fatiha."

Aka yi 'yar dariya, irin ta gidan makoki, wadda ake haɗiye rabinta.

Rana ta biyu wata mota ta tsaya a ƙofar gida daga Sakkwato. Mutum huɗu suka fito, biyu da furfura, suka cire takalma suka zauna cikin maza. Aka aiko mana cewa likitocin haƙori ne. 'Yan matan gidan suka yi ta leƙe ta zaure, ɗaya ta dawo ta ce da ni, "Me ya haɗa Goggo da manyan likitoci? Ba wanke-wanke take yi a asibiti ba?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Su abin da suka sani tsohuwa ce mai faɗa idan ta ga alewa a hannun yaro. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, kafin ni ma a shimfiɗa tawa tabarmar.

Gaskiya ne, wanke-wanke take yi. Wani ƙaramin asibiti ne da aka buɗe a shekarun fari, yanzu ko gininsa babu. A ɗakin haƙori aka sa ta, tana tafasa awartaki da kwanoni, tana riƙe kan yaro idan za a duba shi. Ba ta yi boko ba. Amma a bakin zanenta kullum akwai ƙulli uku: gishiri, ƙaramin cokalin shayi, da farin tsumma wankakke.

Ba ta iya ƙarasa gaisuwa ba. Tana cikin "ina gajiya" hannunta ya riga ya kai haɓar yaron da ya fi kusa. Sai ta sunkuya ta kai hancinta bakinsa. Takan ce hancinta yana riga idon likita da kwana uku. Daga nan ta wuce murhu ta buɗe tukunya. Wannan shi ya fi ɓata wa mata rai, don a shekarar yunwa tukunya asirin gida ce. Akwai gidajen da idan aka ji sallamarta sai a tura yara bayan ɗaki, a kife murfi a ɗora dutse.

Na taɓa tambayarta inda ta koyi wannan. Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a shinkafa kafin ta ce, "Autan innarmu. Wata yunwa da anka yi ina yarinya. Ni ke goyonshi. Kwana huɗu ina jin warin a bayana, ban san mi nike ji ba."

Kowace shekara akan turo sabon likitan haƙori, matashi, wanda bai daɗe da gama karatu ba, ya yi shekara ya tafi. Duk wanda ya zo sai ya bi ta hannunta. Na ga yadda take yi da idona, shekaru bayan farin, ranar da na kai ƙaramina haƙori na ciwo. Likitan ya buɗe akwatinsa, ya ce yaro ya buɗe baki. Sai Goggo ta ɗora tafin hannunta a kan bakin yaron ta rufe.

"Mama, kin rufe abin da zan duba."

"Bakin na nan, ba ya gudu. Faɗa mini mi ka gani."

"Ban ga komai ba tukuna."

"Yaro guda zaune gabanka, ba ka ga komi ba? Gashinshi fa? Ƙafarshi fa? Uwar da ta kawo shi, ka dube ta? Ta yi kama da wadda ta karya kumallo?"

Sai da ya faɗi launin gashin, ya ja fatar ido ya duba, ya tambayi ko yaron ya yi zawo ko ƙyanda kwanan nan, sannan ta ɗauke hannunta. Ba yara kaɗai ba. An ce wani dattijo ya zo haƙoransa duk suna girgiɗi, likita ya fara lissafin waɗanda zai cire, sai ta ce, "Malam, tururuwa na taruwa inda kake fitsari?" Dattijon ya ɗauki hularsa zai fita don fushi. Da aka lallashe shi aka auna jininsa, ciwon suga ne. Mai ciki kuwa idan dasashinta na jini, Goggo ba ta barinta ta fita sai an raka ta ɗakin awo.

Wannan duk daga baya ne, lokacin da likitocin suka fara gaya wa juna labarinta tun daga Sakkwato. Na farkonsu bai yarda da sauƙi ba. Rigimarsu kuwa a kan ɗiyata aka yi ta.

Shekara ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi. A ƙauyenmu Turba mun yi shuka sau uku, gero ya fito tsawon yatsa ya ƙone. Mijina ya bi maza cin rani kudu. Gidan ya rage ni da jariri a baya, da uwar mijina da muke kira Inna, da ƙanensa. Abincinmu dusa, da 'ya'yan anza na daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da kunu mai ruwa-ruwa da kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa.

Ɗiyata ta fari tana da shekara huɗu. Tun ranar yaye ta koma ɗakin kakarta, yadda ake yi. Ba na kiran sunanta. Ba na ɗaukarta gaban mutane. Idan ta faɗi a tsakar gida sai in kalli wani wuri har wani ya ɗaga ta. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na gani, kuma ana yabona a kai. Akan ce matar nan akwai kunya, ni kuma ina jin daɗi.

Sai ƙyanda ta shigo gari. Da ta kama yarinyar, Inna ta yi abin da ta sani: ta rufe ƙofa, ba wanka, ba nono, ba abin da ya taɓa mai. Ba za ni ɗora mata laifin da ba nata ba. A zaune take barci, yarinyar na kan cinyarta. Ƙurajen suka bushe, maƙwabta suka zo barka, aka ce ta tashi.

Amma ba ta tashi ba. Na kai kunu bakin ƙofa sai na ji wani wari. Ba warin yaron da bai yi wanka ba ne. Kamar naman da aka manta a tukunya. Rana ta farko na ce wa kaina ɗakin ne, ya daɗe a rufe. Rana ta biyu na ga miyau na zuba ta gefen bakinta, ta ture ludayi, kuma kuncin hagu ya fi na dama cika, alhali ko'ina a jikinta ƙashi ne. Rana ta uku na tsaya a ƙofar da magana a bakina. Inna ta ɗago ta ce, "Akwai magana?"

Na ce, "A'a, kwano na zo ɗauka."

Na ɗauki kwanon na fita. Har yau idan na tuna wannan fitar sai in ajiye abin da ke hannuna.

Rana ta huɗu Goggo ta sauka daga motar kasuwa da ɗan gero a ƙwarya, ta zo duba mu. Ta kai tsakiyar gida tana sallama, sai ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Wa ke ɗakin can?"

Inna ta ce, "Jikanyarki ce, Yaya. Baƙon dauro ya sauka mata, amma ya tafi."

"Fito da ita rana."

"Ba a fidda mai ƙyanda cikin iska."

Goggo ta ajiye ƙwaryar ta shiga da kanta. Ta fito da ita a hannu, ta zauna a kan turmi inda rana ta fi haske. Ba ta dubi Inna ba, ni ta duba.

"Ke, zo ki riƙe mini kanta."

Na sunkuyar da kai. "Goggo, ɗiyar fari ce."

"Na san ranar da anka haife ta, ni na yanke cibi. Aje kunyar nan cikin rumbu, babu komi ciki, akwai wuri. In mun gama ki ɗauka."

Na durƙusa na riƙe. Tun yaye ban riƙe fuskarta da hannu biyu ba. Ta yi zafi, kuma ba ta da nauyi. Goggo ta sa gindin cokali ta ɗaga leɓen. Dasashin hagu ya koma kamar jiƙaƙƙen toka, da baƙi-baƙi a gefe, jini na tsattsafowa, haƙora biyu sun karkace.

"Kwana nawa kina jin warin?"

Ban yi ƙarya ba. Na ce, "Uku."

Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Inna ta tare hanya. "Yaya, wanga ciwon iska ne. Kin kuwa san iska ba ya son allura."

"Na san sunanshi, na kuma ga ƙarshenshi. In ya huda kunci ba mai ɗinke shi. Kwana biyu gare mu, ko uku in Allah ya so."

Da yake Goggo yayar marigayi mijinta ce, Inna ta kauce. Amma muna zaure ta ɗaga murya ta ce, "In ta ƙara muni za ni zo in ɗauki abata."

Likitan da muka tarar a asibitin Isa ɗan Kano ne, siriri, mai tsabta, watansa biyu da zuwa. Ya haska bakin da tocila, ya yamutsa fuska. Ya ce rashin wanke baki ne ya ruɓar da dasashin. Zai cire haƙoran nan biyu, ya shafa shuɗin magani, mu koma gida mu dawo bayan mako. Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce ashe abin ƙarami ne.

Ya miƙa hannu bai waiwaya ba. "Mama, miƙo awartaki."

Goggo ta tsaya, hannuwanta a baya.

"Mama?"

Ta zo ta yaye zanen yarinyar, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗauke. Ramin yatsan ya zauna, bai taso ba. Ta shafi gashin, ya biyo hannunta, ja kamar gemun masara. Ta ja fatar idon, fari fat. Sannan ta juyo wurina.

"Mi ta ci jiya?"

"Kunu, ludayi biyu."

"Shekaranjiya?"

"Ta ture ludayin."

Likitan ya ce, "Mama, ni likitan haƙori ne. Ƙafa da gashi aikin ɗakin yara ne."

"Bakin shi kaɗai ya hawo mota daga Turba? Tare da yarinyar ya zo. Ka cire haƙori ka bar rami a jikin da ba shi da jinin rufe shi, ka tura ta gidan da ke cin dusa. Bayan mako za a dawo maka da ita, ka ga harshenta ta waje ba ta buɗe baki ba."

Na ga kunnuwansa sun motsa. Akwai mutane a benci suna ji. Ya ce, "Aikinki wanke kwano ne. Ki ba ni awartaki, ko in kai ƙararki yanzu."

"Ofishin na can, ƙofa ta biyu. Awartakin kuwa shina cikin ruwan zafi, ba ni fiddo shi."

Ya fita. Muna jin takalminsa har ya ɓace. Na san da aikin nan take ciyar da gidaje uku a shekarar. Na ce, "Goggo, ki ba shi haƙuri." Ta ce in gyara wa yarinya kai, miyau na shiga kunnenta.

Ya daɗe. Da ya dawo ba da shugaban asibiti ya dawo ba, da wani littafi mai kauri ne da nas ta ɗakin yara. Ya danna ƙwaurin da nasa yatsan, ya tsaya yana kallon ramin. Ya buɗe littafin ya karanta a tsaye. Ya sake haska bakin, wannan karon ya taɓa kuncin ta waje. Sai ya ce da nas, "A ba ta gado. A fara allura yanzu." Bai ba Goggo haƙuri ba, ita ma ba ta tsaya jira ba, ta riga ta tafi neman tabarmar da za ni kwana a kai.

Da aka kwantar da yarinyar, Goggo ta fiddo tandun kwallinta, ta zana layi siriri kewaye da kumburin, daga gefen hanci zuwa ƙasan kunne. Ta ce da ni, "Idonki zai ce miki ya ragu, don kina so shi ragu. Zanen nan ba ya son kowa. Kullum da safe shi za mu tambaya."

Tana da akuya guda da ta rage mata, wadda take ciyarwa da ɓawon da take tsintowa a kasuwa. Nonon akuyar duka ya dawo asibiti. Ta daka ƙuli-ƙuli ta zuba a kunu. Rana ta biyu ta zo da dafaffen ƙwai ta murmushe a ciki. Na ce, "Goggo, ƙwai? Ai an ce yaron da ya saba da ƙwai sata yake yi."

"Ta yi satar. In anka kamo ta, a kamo ta da fuska."

Da cokalin shayi ake ba ta, kaɗan-kaɗan, ta gefen dama, yini guda. Sannan wankin baki, sau biyar, bayan kowace salla. Tafasasshen ruwa da gishiri, tsumma a naɗe a yatsa. Goggo ta yi sau ɗaya ina kallo, ta miƙo mini tsumman. Na ce ai ga nas nan. Ta ce, "Nas za ta bi ki Turba?"

Haka na riƙa sa yatsana cikin bakin ɗiyar da ban taɓa kiran sunanta ba. Abin da ya fi tsorata ni, ba ta kuka. Gishiri a kan ɗanyen ciwo, amma ba ta ko kawar da kai. Tana kwance, baki a buɗe, tana kallona kamar tana son ta tuna inda ta san ni.

Safiya ta biyu kumburin yana kan layi. Safiya ta uku ya tsallake. Bai fi ƙwayar gero ba, amma ya tsallake, kuma a tsakiyar kuncin wani baƙin ɗigo ya fito kamar ƙwayar wake. Likita ya zo ya duba, ya fita ya dawo da wani magani ya ƙara a kan allurar. Goggo ta zana layi na biyu a bayan na farko. Ba ta goge na farkon ba.

Ranar nan da azahar Inna ta iso, da ƙanen mijina, da amalanken jaki a waje. Wani ya kai musu labari. Ta tsaya kan gadon, ta ga layi biyu, ta ga baƙin ɗigon. Idanunta sun yi ja, da gani ita ma ba ta barci.

"Ban faɗa ba? Allura ta harzuƙa shi. Na samo maganin hayaƙi wurin mai magani a Burkusuma, ya ce kada a ƙara kwana."

Likita ya ce idan aka katse allurar yanzu ciwon zai ci kuncin gaba ɗaya. Ƙanen mijina mutum ne mai hankali, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Likita, in munka bar ta, ka ba mu tabbacin za ta warke?"

Likitan ya dubi ɗigon. Ya ce, "Ba zan iya ba."

"To ka gani."

Inna ta kwance mayafinta ta fara naɗe yarinyar. Na zaci Goggo za ta tare ƙofa, ko ta yi irin faɗan da ta yi wa likita. Ba ta motsa ba. Ta ce, "Ni goggo ce, ke kaka, wanga likita. Akwai wadda ta haife ta. A tambaye ta."

Inna ta ce, "Tun yaushe aka fara tambayar uwa kan ɗan fari?"

Matan da ke jinyar nasu yaran duk sun juyo. Na san abin da ke gabana. Idan na yi shiru, ba wanda zai zarge ni, ko me ya faru. Idan na yi magana yarinyar ta mutu, ba za a ce a Turba ciwo ya kashe ta ba. Za a ce marar kunya ta ƙwace ta daga hannun kakarta ta kai ta aka kashe da allura. Kuma layin an tsallake shi, da idona na gani, ba ni da abin da za ni nuna in ce ga sauƙi. Na nemi idon Goggo ko za ta yi mini alama. Ta juya baya tana wanke cokali.

Na ɗora hannuna a ƙafar yarinyar, inda yatsa ke barin rami. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ta kwana nan."

"Mi kika ce?"

"Ba ta zuwa ko'ina."

Ta dube ni. Sannan ta zare mayafinta daga ƙarƙashin yarinyar a hankali, don kada ta tashe ta. Ta ce, "Ɗana zai ji wannan." Ta fita, ƙanen mijina ya bi ta. Ƙullin hayaƙin ta bar shi a kan gado, Goggo ta ɗauka ta ajiye a taga, ba ta zubar ba.

Da suka tafi na ce, "Goggo, kin bar ni ni kaɗai."

"In ni na hana, gobe su dawo ba ni nan su ɗauke ta. Yanzu sun san da wa za su yi."

"In ta mutu fa?"

"In ta mutu mu biyu za a zaga. Tashi, la'asar ta yi, ɗauko gishiri."

Safiya ta huɗu kumburin ya kai layi na biyu, ya tsaya a kansa. Ta biyar ma haka. Ba na jiran gari ya gama wayewa, ina idar da salla sai in ɗauke ta in kai bakin taga in duba. Wani lokaci in ga kamar ya wuce, in kira Goggo, ta ce inuwar hancinta ce. Baƙin ɗigon ya bushe ya yi tauri, likita ya yanke mataccen wurin da ɗan almakashi, ya rage rami ƙarami da kunu ke tsattsafowa ta ciki idan na yi gaggawa. Haƙoran biyu kuwa bai taɓa su ba sai da ta fara shanye rabin kwano. Ranar da ya ce, "Mama, yau fa?" Goggo ta danna ƙwaurin, ta duba, ta je ta fiddo awartakin da kanta ta miƙa masa.

Daga Turba ba wanda ya zo. Ko saƙo babu.

Safiya ta takwas na ga fata tsakanin kumburin da layi na biyu. Na nuna wa Goggo, ta ce, "Uhm," ta ci gaba da dama kunu. Ta tara ya koma cikin na farko. Na ce, "Goggo, ya ragu ko?" Ta ce, "Ban ce ba. Ba ta cokali uku kuma."

Rana ta goma bayan azahar na naɗe tsumma na tsoma a ruwan gishiri, na ɗaga leɓen kamar kullum, na sa yatsa. Sai na ji hannu biyu sun cafke wuyan hannuna. Kafin in gane, ta datse yatsan da haƙoran dama. Na yi ƙara har matan ɗakin suka miƙe. Ta saki, ta fashe da kuka mai ƙarfi, tana shure-shure, ta ture kwanon ya kife a ƙasa.

Goggo ta shigo da sauri, hannunta duk kumfar sabulu. Ta dubi yarinyar, ta dubi yatsana da jini ya jiƙa tsumman.

"Ta ciji?"

"Ta ciji, Goggo."

"Da ƙarfi?"

Na kwance tsumman na nuna mata. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, cikin ruwan gishirin da ya zube, ta yi ta dariya har hawaye na bin kumatunta. Ta ɗaga murya ta ce, "Likita! Zo ka ga aikinka, ya fara cin mutane!"

Da dariyar ta lafa ta miƙe, ta lashi babban yatsanta, ta kama haɓar yarinyar tana ihu tana fizge-fizge, ta goge kwallin, layi biyun duka.

Ramin ya rufe. Ya bar tabo a kuncin hagu, bai fi a rufe shi da kan yatsa ba. Inna ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata, kuma a Turba an daina yabon kunyata har yau. Yarinyar ita ce ta zuba ruwa ranar Talata, lokacin da muke yi wa Goggo wanka.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata kaifin harshenta, ya haskaka mata inda take kwance. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan.